Yadda Ake Lissafa Miƙewar Piyezo

Laitar kunna gas da ake amfani da ita a gidajen cikin gari, da na'urar hoton ciki ta asibiti, da wasu injektocin motocin dizal da makanikai ke nema a Ƙofar Ruwa ta Kano, duk abu ɗaya ne ke aiki a cikinsu: piyezo. Gasasshen yumɓu ne na musamman, galibi wanda ake kira PZT. In an matse shi ya ba da wuta, in an ba shi wuta ya miƙe. Jacques da Pierre Curie ne suka gano na farkon a Faransa a 1880, suka tabbatar da na biyun a 1881. Miƙewar ba ta ganuwa da ido, don haka da biro da takarda ake farawa.

Da farko, nemo lambar d33 a takardar kamfanin da ya ƙera shi. Ita ke faɗin pikomita nawa yumɓun ke miƙewa a kan kowane bolt. Ta PZT-5H ta kusa 600.

Sai ka san yawan faya-fayan da aka jera a cikinsa, ka yi wannan lissafi: yawan faya-fayai × d33 × bolt. Faifai 100 da bolt 100 za su ba ka pikomita 6,000,000, wato maikiromita 6. Kaurin silin gashin mutum kusan maikiromita 70 ne.

Wannan amsa ta piyezon da ba ya tura komai ce. In sifirin yake turawa, ninka ta da taurin piyezon, ka raba da jimlar taurinsa da na sifirin. In taurinsu ɗaya, rabin miƙewar ya tafi.

Mataki na gaba shi ne wanda nake roƙon ɗalibanmu kada su tsallake. Piyezo ba ya dawowa ta hanyar da ya tafi. Ƙara wutar daga 0 zuwa 100, goma-goma, kana rubuta abin da ma'auni mai karanta maikiromita ya nuna. Sannan ka sauko goma-goma. A bolt 50 za ka tarar awon saukowa ya fi na hawa, kuma tazarar kan kai 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan miƙewar. Zana layuka biyun, ka samar wa kowanne lissafinsa. Mai son zurfafawa ya ɗora awon a kwamfuta da tsarin Preisach ko na Bouc-Wen. Kowane awo ka ɗauke shi bayan daƙiƙoƙi iri ɗaya, domin ko wutar na tsaye, yumɓun na ci gaba da miƙewa kaɗan-kaɗan.

Rubuta zafin ɗakin kusa da awonka. d33 na canzawa da zafi, kuma awon sanyin hunturu ba zai yi daidai da na bazarar Kano ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

In ka gama, kada ka taɓa wayoyinsa nan take. Piyezo na riƙe caji kamar kafasita, sai ka sauke shi ta rizista tukuna.