Jam ɗin ɓaure: shawarwari ga uwargida

A ƙasar Yauri, daga Yelwa har Wara, ɓaure ba abin saye ba ne. Yana nuna a fadama da bakin rafi, ya zube, awaki da jemagu su ci rabonsu. Alhali ɗan'uwansa, tin ɗin da aka sa wa sura sunansa a Alƙur'ani, shi ake dafawa da sukari a Turkiyya da Masar ana shafa wa burodi. Namu bai kai shi zaƙi da tsoka ba, amma yana yin jam. Wadda ta taɓa ganin dahuwar maɗin ɗinya ta san rabin aikin.

1. A tsinko miki nunanne daga jikin bishiya, wanda ya yi ja ya yi laushi. Na ƙasa a bar wa awaki. Ɗanye kuma yana fitar da farin ruwa mai danƙo da sa ƙaiƙayi.

2. Tsaga kowane ɗaya ki leƙa. Nan ne aikin yake, nan ne kuma masu gaggawa ke faɗuwa. Furen ɓaure a cikin ɗan yake, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga ta ƙofar gindinsa ya yi masa barbara, shi ya sa da wuya ki buɗe ɓaure ki tarar ba baƙo. Kankare cikin da ƙaramin cokali, ki jiƙa a ruwan gishiri na minti 10, ki ɗauraye sau biyu. Wanda ya yi baƙi a ciki ko yake tsami, zubar da shi, kada ki ji tausayinsa.

3. Awo: kofi 4 na yankakken ɓaure, kofi 3 na sukari, babban cokali 3 na ruwan lemun tsami. Na san sukari ya yi tsada, amma kada a rage, domin shi ke hana jam lalacewa. Lemun tsamin ma ba don daɗi kaɗai ba ne. Ɓaure ba shi da tsamin kansa, kuma abin da ba tsami in aka rufe shi a kwalba yana iya haifar da guba.

4. Fara dafa ɓauren da rabin kofin ruwa har ya yi lugub, ki farfasa shi, sannan ki zuba sukari. Idan sukari ya riga shiga, fatar takan ƙi nuna. Ɗan citta ko kanumfari biyu ba laifi.

5. Tukunya mai faɗi da kaurin gindi, a kan garwashin gawayi. Ki nemi sabuwar muciya. A gidan da ake banda kifi ko ake miyarsa kullum, tsohuwar muciya sai ta kai ƙarni cikin jam. Ki riƙa juyawa, in ya kama a gindi ƙauri ya shiga ke nan.

6. Gwaji: ɗiga kaɗan a faranti ki bari ya huce, ki ja yatsa ta tsakiya. In hanyar ta tsaya ba ta haɗe ba, sauke.

7. Tun 1968 madatsar Kainji ke ba ƙasa lantarki, amma mu da ke bakin tafkin mun san ba a dogara da firji. Don haka kwalba ce abin kula. Kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe, wadda murfinta bai yi tsatsa ba. Tafasa ta da murfin minti 10, ki zuba jam da zafinsa kwalbar ma da zafinta, ki bar ɗan fili a sama, ki goge baki ki rufe. Sai ki shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, ki jera kwalaben, ruwa ya shanye kansu, su ƙara tafasa minti 10. Roba ba ta wannan aiki.

8. In an buɗe, busasshen cokali kawai, a cinye cikin 'yan kwanaki. Ƙananan kwalabe sun fi babba ɗaya. Kin ga fumfuna ko murfi ya kumbura, zubar da duka, ba a kwashe sama a ci ƙasa.

9. Da bazara, sa'ad da mangwaro ke ruɓewa a gindin bishiya daga Shanga zuwa Birnin Yauri, awon ɓauren nan dai shi za ki bi ki yi jam ɗinsa. Ki haɗa da 'yan waɗanda ba su gama nuna ba, sun fi sa jam ya kama jikinsa.