Hubbarori da Kabarin Baƙo

Ya kai mai karatu, in kana Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna ribaɗi, to, hubbarori ba su yi maka nisa ba. Hubbare shi ne ɗakin da a ke ginawa bisa kabarin babban malami ko sarki. Nan kusa da kai, a Gwandu, akwai na Malam Abdullahi, ƙanen Shehu. Na Shehu Usmanu kansa yana Sakkwato, inda ya rasu cikin 1817. Sarkin Musulmi Bello kuwa a Wurno aka rufe shi, cikin 1837.

Amma akwai wani kabari wanda ba kowa ya san labarinsa ba. Cikin 1827 wani Bature Kirista, Kyaftin Kilafaton, wanda mutane ke kira Abdullahi, ya mutu a Sakkwato yana baƙon Bello. Baransa, Landa, ya nemi izinin binne shi. Bello bai hana ba, har ya aiko da bayi su haƙa kabari. Aka ɗora gawar bisa raƙumi, aka kai ta wani ƙauye bayan birni. Can Landa ya buɗe littafinsu, ya yi masa addu'a irin ta Nasara, shi kaɗai, babu mai ce masa amin.