Shaf Ɗin Gaba na Ƙara: A Gyara ko a Sauya?

Tambaya: Hilux ɗina da nake ɗaukar albasa tsakanin Bodinga da Shagari tana ƙara ƙas-ƙas idan na karya kwana. Bakanike ya ce a sauya shaf ɗin gaba. Dole ne? Daga wani mai karatu a Bodinga.

Amsa: Malam, fara leƙa robar da ta rufe gaɓar shaf ɗin, kusa da taya. Idan ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga ya ci ƙarfen. Da an gano kafin ƙarar ta fara, sabuwar roba da giris sun isa. Yanzu kam bakanikenka ya yi gaskiya, a sauya.

Kada ka sayi wani sai ka riƙe tsohon a hannu. Gwada tsawonsu, ka ƙirga haƙoran kowane baki, domin samfurin Hilux ya bambanta. Idan na hannu ne, ka tabbata robarsa lafiya lau take. A sauya robar da ke tare man giya a inda shaf ya shiga, a cike man da ya zube, a ɗaure babban noti sosai a sa masa sabon fil. Don Allah kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai.

Wani abin da ke kashe shaf da wuri shi ne barin mota a fowil (giyar da ke juya duka tayoyi huɗu) a kan kwaltar Sakkwato zuwa Jega. Ajiye fowil sai yashi ko lakar fadama. Da ka hau kwalta, cire shi.