Filin Shawara: Wai Ni Ne Wawan Ofishinmu

Ni saurayi ne, shekarata 29, ina aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikata da ke sayo wa makarantu kaya. Na tarar da wata al'ada a wurin: in an sayo benci na naira dubu 200, sai a rubuta dubu 350 a rasit, abin da ya hau a raba daga oga har masinja. Ni na ƙi sa hannu. Yanzu sunana ya koma "Fasto", in na shigo sai hira ta mutu, in za a tura mutane kwas kuma a tsallake ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kawuna, wanda dattijo ne a ikilisiyarmu. Ya zaunar da ni ya ce zaman duniya sai da dabara, ai Yesu ma ya ce mu yi wayo irin na maciji, Sulemanu kuma da hikima ya yi arziki. Ya ce sa'o'ina sun yi gida sun yi mota, ni ina nan ina hawa acaɓa. Ga maganar aure a gabana, iyayen yarinya sun fara tambaya. Mama, ko dai ni ne wawan?
Ɗanki, daga Kaduna

Ɗana, ba zan ruɗe ka ba. In lissafin ƙarshen wata za a bi, su ke cin riba, kai ke hasara. Na san abin da aka saba gaya wa irinka: ka yi haƙuri, asirinsu zai tonu, kai kuma Allah zai ninka maka. Wani lokaci yakan tonu. Wani lokaci kuwa mutum ya ci ya ƙoshi, ya yi ritaya lafiya lau, a riƙa ba shi kujerar gaba ranar bikin godiya, in ya mutu a cika majami'a maƙil. Littafin Mai Hadishi ma bai ɓoye wannan ba, ya lura cewa mai adalci yakan gamu da sakamakon da ya dace da mugu, mugu kuma ya kwashi na mai adalci. In ka jingina tsayuwarka a kan cewa za a kama su, ranar da aka ƙara wa oganka girma gwiwarka za ta yi sanyi.

Tunda Kawu ya kawo Sulemanu, mu bi labarin har ƙarshensa, don mutane sukan tsaya a rabi. A Gibeyon, da Allah ya ce ya roƙi abin da yake so, bai roƙi dukiya ba. Zuciyar da za ta iya yi wa jama'a shari'a, ta rarrabe nagarta da mugunta, ita ya nema. Shari'ar da ta fara fito da sunansa kuwa ta waɗansu karuwai biyu ce da jariri guda, matan da ba su da kowa, ba su kuma da abin ba sarki. A nan hikimar Allah ta nuna kanta. Ya yi karin magana 3,000 da waƙoƙi 1,005, har sarauniyar Sheba ta yi tattaki don ta ji da kunnenta.

Daga baya sai dabarar sarauta ta shigo. Sarakunan zamanin da aure suke ƙulla zumunci da maƙwabta, shi ma ya bi sahu, ya auri 'yar Fir'auna, har ya tara mata 700 da ƙwaraƙwarai 300, da yawansu baƙi masu gumakan garuruwansu. Ya ɗibi mutum 30,000 aikin tilas. Ya gina Haikali cikin shekara 7, fadarsa kuwa ta ci shekara 13. A idon masana siyasa duk wannan gwaninta ce. Amma yana rufe ido jama'a suka taru a Shekem suna roƙon ɗansa Rehobowam ya sassauta musu kayan da uban ya ɗora. Yaron ya watsar da shawarar dattawa ya ɗauki ta abokan tasowarsa, kabilu 10 suka ɓalle. A shekara ta 5 ta mulkinsa Shishak sarkin Masar ya zo ya kwashe garkuwoyin zinariya da Sulemanu ya ƙera, sai na tagulla aka yi aka rataya a madadinsu. Shi ya sa Mai Hadishi, littafin da aka saba danganta shi da Sulemanu, yake cike da ɗacin mutumin da ya gwada kome: ilimi, gine-gine, gonaki, shagali. Da ya zauna ya auna, sai ya ga mai hikima da wawa kabari ɗaya ke jiransu, abin da ka tara kuma wani zai gada, ba ka da ikon zaɓar halinsa.

Maganar maciji kuma, Kawu ya yanke ta a tsakiya. Tana cikin Matiyu sura 10, inda Yesu yake aiken almajiransa cikin mutanen da za su kai su kotu su yi musu bulala, ya kuma haɗa ta da rashin ɓarna irin na kurciya. Wayon kauce wa tarko ake nufi. Babu inda ta ba mutum izinin ƙara sifili a rasit.

Manzo Yakubu, a sura ta 3 ta wasiƙarsa, ya ba mu ma'auni mai sauƙi: hikima a halin mutum ake ganinta, da abin da take haifarwa tsakaninsa da mutane. To, ka ɗora dubu 150 ɗin nan a kan ma'aunin. Ba daga sama ta faɗo ba. Benci ne da ba a saya ba, yara ne a wani ƙauye zaune a kan siminti suna rubutu a cinya. Waɗanda suke ce maka wawa sun iya lissafi ƙwarai, sai dai ba sa saka waɗannan yaran a cikinsa. Kai ka saka su. Wannan ne ya raba ka da su, ko ta biya ka a duniyar nan ko ba ta biya ba.

Yanzu ga abin yi. Kada ka zama mai wa'azi a ofis. Ka gai da kowa, in an yi rasuwa ko suna ka je, aikinka ya fi na kowa tsabta, don mai ƙin cin haram da yake zuwa a makare ya ba da ƙofar zagi. Duk takardar da ta bi ta hannunka ka rubuta lambarta da kwanan wata a littafinka na kanka. In aka matsa maka ka sa hannu, ka ce cikin ladabi a ba ka umarnin a rubuce. Za ka ga yadda maganar take mutuwa. Tun da aka kafa hukumomin yaƙi da rashawa, ICPC a 2000 da EFCC a 2003, in bincike ya zo sa hannu ake dubawa, ogan da ya yi magana da baki kuma yakan ce bai san zancen ba. Ka kuma fara neman wani aikin a hankali, ba laifi ba ne.

Yarinyar da za ka aura, ka gaya mata albashinka na gaskiya da dalilin da ya sa bai fi haka ba. Gara ta sani tun yanzu. Kawu kuwa uba ne, kada ka yi musu da shi a gaban mutane. Ka same shi a gida da yamma, ka durƙusa ka gaishe shi, in hira ta yi daɗi ka tambaye shi abu ɗaya: in ma'ajin ikilisiya ya yi wa kuɗin baiko irin wannan dabarar, me dattawa za su kira shi? Ka yi shiru ka bar shi da tambayar.

* * *

Mama, salama. Ɗanmu na fari yana aji uku a jami'a, yana karanta falsafa. Tun da ya dawo hutu ba mu da sakat. Yau ya ce wa ya rubuta Littafin Farawa, gobe ya ce in Allah mai ƙauna ne me ya sa ya bari aka kashe mutane a ƙauyenmu. Ran nan kakarsa tana addu'a ya yi mata dariya. Wani baƙon mai wa'azi ya ce mana boko shi ne hikimar duniya da Bulus ya ce wauta ce a gaban Allah. Yanzu babansa ya rantse ba zai ƙara biyan kuɗin makaranta ba. Ina tsaka mai wuya.
'Yar'uwarki, daga Kafanchan

'Yar'uwa, ki lallashi maigida ya biya kuɗin makarantar nan. Baƙon mai wa'azin ya ɗora wa Bulus abin da bai faɗa ba.

Koranti birnin kasuwanci ne mai tashoshin jiragen ruwa, inda ake girmama gwanin magana a bi shi ana alfahari da shi. Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a can, yana ɗinkin tanti yana wa'azi. Bayan tafiyarsa sai ikilisiya ta kwaso halin gari: waɗannan na Bulus ne, waɗancan na Afolos, wasu na Kefas, kowa yana taƙama da malaminsa yana raina na wani. Har a wurin jibin Ubangiji masu hali sukan ci su ƙoshi kafin talakawa su iso. Wannan fahariyar ce ya kira wauta, ya sa gicciye a gabanta. A wancan zamani gicciye hukuncin bayi da 'yan tawaye ne, abin kunyar da mai mutunci ba ya son ambatonsa. Cewa ta nan Allah ya ceci duniya, ta hanyar wanda ya ƙi kare kansa, ya rushe duk wani tsani da mutane ke hawa don su fi juna. Shi Bulus ɗin kuwa ɗalibin Gamaliyel ne, a Atina ya yi muhawara da masanan falsafa, har ya kafa hujja da mawaƙansu. Musa ya sha ilimin Masarawa. Daniyel ya yi shekara 3 yana karatun Babila. A nan gida, Farfesa Ishaya Audu likita ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma ƙare rayuwarsa yana hidimar bishara.

Tambayar yaron game da kashe-kashe kuma, ni ban ga kafirci a ciki ba, na ga ciwo. Ayuba ya yi ta, Habakuk ya yi ta. A ƙarshen littafin Ayuba ma, abokan nan uku masu amsar kome a baki su Allah ya tsauta wa. In ya sake tambaya, kada ki yi masa ihu, kada kuma ki ƙirƙiro amsa. Ki ce ke ma abin yana miki zafi, ki tambaye shi wa ya fi tunawa cikin waɗanda aka rasa. Ki nema masa fasto ko malamin makarantar tauhidi wanda ya yi karatu, ba ya kuma tsoron tambaya.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba, dariyar da ya yi wa kakarsa. Nan ne cutar Koranti ta kama shi. Tsohuwar da ta binne 'yan'uwanta ta kuma tashi da asuba tana yi wa jikanta addu'a ta san abin da ba a koyarwa a aji uku. Wannan kam babansa ya tsawata masa, ya je ya durƙusa ya ba ta haƙuri.

* * *

Mama, ni ce ma'ajin Zumuntar Mata a ikilisiyarmu. Wani ɗan'uwa ya nuna mini wata manhaja a waya, wai kuɗi na ninkuwa cikin kwana 30. Na zuba dubu 400 na ɗinkin zanen zumunta, da nufin in ba mata mamaki da riba. Manhajar ta rufe. Ba wanda ya sani. Wata ƙawata ta ce in ce ɓarayi ne suka ƙwace jakata a kasuwa. Ba na iya barci.
'Yarki, daga Jos

'Yata, dabara ɗaya ta jefa ki rami, ƙawarki kuma ta kawo ta biyu don ta ƙara masa zurfi. Ba ke kaɗai aka taɓa yi wa haka ba. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta kulle kuɗin mutane a Disamba 2016. CBEX ta ce za ta ninka, ta rufe a Afrilu 2025. Duk salon ɗaya ne, kuɗin sababbin shiga ake ba na farko, ranar da sababbi suka ƙare sai a kashe fitila. Kuma sun fi cin kasuwa a inda mutane suka amince da juna, shi ya sa suke son majami'u.

Niyyarki mai kyau ce, amma kuɗin ba naki ba ne, ba ki kuma shawarci kowa ba. Wannan za ki amsa da bakinki. In kika ce fashi aka yi miki, mata za su yi miki addu'a, su yi karo-karo su ba ki, ki karɓa kina kallon idonsu. Ba za ki iya ɗaukar wannan ba.

Kafin taron zumunta na gaba, ki sami shugabar mata tare da matar Fasto, ki faɗa musu kome, har da sunan wanda ya kawo manhajar, don ba ke kaɗai ya nuna wa ba. Ki gaya wa maigidanki kafin ya ji a waje. Ki je da takarda a hannu, kin rubuta nawa za ki riƙa biya kowane wata da watan da za ki gama. Ki miƙa musu littafin kuɗi da makullin akwati da kanki, kada ki jira a tambaya.