Darasin Mako: Tabarau Mai Kwamfuta da Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki

Wasunmu sun ga bidiyo a waya, mai shanyewar ɓarin jiki sanye da wani ƙaton tabarau yana ta miƙa hannu a iska, ana cewa magani ne. To, ga bayani.

Yadda yake aiki. A cikin tabaran akwai allon kwamfuta. Mara lafiya zai ga kansa a lambu yana tsinke lemo, ko yana cafe ƙwallo. Na'urar tana bin motsin hannunsa, in ya yi daidai ta ba shi maki. Wasa ne dai, amma da manufa. Idan jini ya toshe ko ya fashe a ƙwaƙwalwa, wani sashe yakan mutu, sai sauran sassan su koyi ɗaukar aikinsa. Ba kuma sa koya sai da maimaici, motsi ɗaya ɗaruruwan sau. Wasan yana hana gundura, shi ke nan sirrin. Haka ake amfani da shi ga mai karaya bayan an cire filasta.

Shin ya fi gashi? A 2016 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Kanada, Ajantina, Peru da Tailan a kan marasa lafiya 141. Dukkansu suna zuwa gashi, sai aka ƙara wa wasu wasan Nintendo Wii, wasu kuma wasanni na hannu kamar kati da jifan ƙwallo. Duka sun samu sauƙi, kuma na'urar ba ta fi ba. Kun ga ashe motsin ne magani, ba tsadar kaya ba.

Abin da za mu iya a nan Gombe:

1. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe? A garzaya asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.
2. Bayan sallama, a nemi sashen gashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya. Watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da sauƙi ya fi saurin zuwa.
3. A tambayi likitan gashi batun madubi. Ana ajiye madubi a tsakiya, hannu mara lafiya a bayansa, sai a riƙa motsa mai lafiyar ana kallonsa a madubin, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ɗayan ne ke motsi. Likita Ramachandran ne ya fito da dabarar a Amurka a shekarun 1990.
4. Kada a riƙa jan hannun da ya shanye wajen ɗaga mutum, kafaɗa na iya gocewa.
5. Maganin hawan jini da na suga, kada a ajiye don an ji dama.

Yawancinmu a nan baƙi ne, dangi na nesa. Mutum na iya kwanciya a ɗakin haya ba mai kai shi gashi, har gaɓoɓi su sandare. Don haka in ɗan uwa ya kwanta, mu raba kwanaki: wannan ya kai shi asibiti, wancan ya zauna da shi rabin awa yana ƙirga masa motsi. Dubiya ce, kuma jinya ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Sakataren Masallaci