Amsoshin Tambayoyinku: Biskit Ɗin Ot na Lokacin Kirsimeti

Wata mai sauraronmu daga Jos ta aiko tana neman bayani game da biskit ɗin ot mai kayan ƙamshi, wanda iyalai a Amurka suke gasawa idan Kirsimeti ta gabato.

To Malama, shi dai ot hatsi ne na ƙasashen sanyi, wanda mutanen Sukotlan suka daɗe suna gasa wainarsa ba tare da zaƙi ba. Amma da ya isa Amurka, inda littafin girki na Fannie Farmer na 1896 ya kawo tsarin haɗa shi da sukari, kuma kamfanin Quaker ya yaɗa shi gida-gida, sai biskit ɗinsa ya shiga cikin abubuwan da ake gasawa lokacin biki.

Ka'idar haɗa biskit ɗin ita ce a buga man shanu da sukari har su yi laushi, a fasa ƙwai, a zuba fulawa da bekin foda da ot, sa'an nan kirfa da citta da ɗan kanumfari kaɗan, domin shi kanumfari, in ya yi yawa, ba ya barin kowa ya yi magana. Wasu kan ƙara zabibi, kuma a ra'ayinmu sun yi daidai. A ɗiba da cokali, a jera a faranti da tazara saboda yana bajewa, a gasa a zafin digiri 180 na ma'aunin Celsius kimanin minti 12.

Alamar nuna kuwa, gefe ya yi ja alhali tsakiya tana da taushi. A sauke a nan, domin zai ƙarasa ƙarfi yayin da yake hucewa. Allah ya sa mun gamsar, Malama.