Ƙwallon Kashe Gobara: Yadda Yake Aiki da Iyakar Ƙarfinsa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Safo ya san cewa da zarar an kammala girbi, an cika rumbuna da gero da dawa, an jibge kara da harawa bisa rumfuna, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa daga gabas, to lokacin fargabar gobara ya shigo, domin tartsatsi guda daga murhu ya isa ya cinye guzurin shekara tun kafin motar 'yan kwana-kwana ta taso daga Maraɗi. Malamai sun karantar da mu cewa kiyaye rai da kiyaye dukiya suna cikin manyan manufofin shari'a, kuma ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa a Madina da dare, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Riƙo da sababi ke nan, kuma a kan wannan tafarki ne za mu yi bayanin wata na'ura da ake kira ƙwallon kashe gobara.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1723 wani masanin haɗa magunguna a Ingila, mai suna Ambrose Godfrey, ya ƙera tukunyar ruwan kashe wuta mai ɗauke da albarushi a tsakiyarta, wadda idan wuta ta kama lagwaninta sai ta fashe ta watsa ruwan. Na zamani kuwa, wanda ya shahara da sunan Elide Fire, wani mutumin ƙasar Tailan ne, Phanawatnan Kaimart, ya ƙirƙiro shi bayan mummunar gobarar da ta halaka mutane da yawa a wani otal na birnin Pattaya a shekarar 1997.

Girman ƙwallon bai wuce na ƙaramar kankana ba, nauyinsa kuma wajen kilo 1.3, har yaro ko tsohuwa suna iya ɗauka. Ɓawonsa na farin soson roba ne mara nauyi, an naɗe shi da lagwani, cikinsa kuma an ɗura farar hoda, an binne ɗan abin fashewa a tsakiyarta. Idan harshen wuta ya lashi lagwanin, cikin daƙiƙa 3 zuwa 10 sai ƙwallon ya fashe da ƙara mai firgitarwa, hodar ta bazu ko'ina, ƙarar kuma ta tashi masu barci, wanda wannan kaɗai ma ba ƙaramar fa'ida ba ce. Ita hodar sinadarin amoniya da fosfet ce, dangin takin zamani da manoma suka sani; idan ta sauka kan abin da yake ci sai ta narke ta lulluɓe shi, ta raba shi da iska, domin wuta ba ta rayuwa sai da abu uku, wato makamashi da zafi da iska. Masu ƙera shi sun ce yana rufe fili na murabba'in mita 8 zuwa 10, kuma yana yin shekara 5 ba ya bukatar gyara.

To, a nan ne ya wajaba mai karatu ya natsu, domin mai talla yakan faɗi alherin hajarsa ya yi shiru a kan aibinta. Ƙwallon nan hayaƙi ba ya tayar da shi, sai harshen wuta ya taɓa shi; saboda haka wanda ya rataye shi a ƙofar shago, alhali wayoyin lantarki suna can ƙurya, ya yi asarar kuɗinsa. Sau ɗaya yake fashewa, kuma hodarsa ba ta sanyaya garwashi, ta yadda katifa ko buhun auduga ko damin kara za su iya ci gaba da ci ta ciki su sake tashi, sai an bi su da ruwa. Haka nan mai tuyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli kada ta jefa ƙwallon cikin kaskon da ya kama, kada kuma ta zuba ruwa, domin man zai fantsamo mata. Ta rufe kaskon da murfin ƙarfe, ta janye itacen.

Inda ya fi amfani shi ne rufaffen wuri da babu mai tsaro da dare: bisa mitar lantarki, kusa da injin janareto ko batirin sola, da ɗakin da masu sayar da fetur a kwalabe suke ajiye jarkokinsu. A irin wannan wuri wuta takan fara ƙarama, iska ba ta kwashe hodar, ƙwallon kuma yana nan yana jira.

Amma ginin kara da zana a fili, cikin iskar hunturu, ya fi ƙarfinsa. Ba mu manta da ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Maraɗi ta halaka yara aƙalla 25, bayan irinta a unguwar Pays-Bas ta Yamai cikin watan Afrilu na shekarar, Allah ya jiƙansu. Rumfar zana takan ƙone cikin 'yan mintuna, ƙwallo ɗaya ko biyu ba za su tare ta ba. Abin da ke ceton rai a nan shi ne tazara tsakanin aji da aji, da ƙofa mai faɗi fiye da ɗaya, da tulin rairayi da randar ruwa kusa, da nisanta rumbu daga madafa. Idan kuma wuta ta tashi, a fara fitar da yara da tsofaffi, wani kuma ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 18 tun ba ta haura rufi ba.